Babi na Bakwai: Ranar Awo a Paraku da Jugu

Daga Paraku zuwa Jugu, wato Parakou da Djougou a rubutun Faransanci, tafiyar kimanin kilomita 135 ce. Paraku ce hedikwatar jihar Borgu, Jugu kuma ta jihar Donga. Dama da hagu na titin gonakin doya ne da dawa da masara da auduga, sai lambunan yazawa da ke ƙara cin fili kowace shekara. A tsakiyar gonakin akwai itatuwan da ba wanda ya dasa su, kuma manomi ba ya sare su idan yana sharar gona: kaɗanya da ɗorawa. Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan hanya. Ta nan ayarin fatake ke bi daga Kano da Katsina da Sakkwato zuwa Gwanja, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, su kai kanwa da tufafi da fatu, su komo da goro daga kasuwar Salaga. Jugu na cikin manyan zangunan da ake sauke kaya, kuma unguwar 'yan kasuwarta ta Wangara ta girma ne da wannan safara. Dendanci, harshen da ya zama na kasuwa a garuruwan biyu, shi ma ciniki ne ya kawo shi daga bakin Kwara.

Abin da ya riƙe wancan fatauci shi ne mai masauki. Shi ke ba baƙo ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya nemo mai saye, ya tsaya a kan awo, ya lamunce bashi tsakanin mutanen da ba su san juna ba. Masauki da ajiya da awo da lamuni duk suna hannun mutum guda, kuma yana cin la'adarsa. Na kawo wannan ne domin ƙungiyar gama-kai ta yau a Borgu da Donga ayyukan nan take neman karɓewa daga hannun dillali ta mayar hannun masu kaya. Duk wanda ke son sanin ko wata ƙungiya na da amfani ga 'ya'yanta, to ya duba nawa daga cikin ayyukan nan take iya yi.

A Turai da Amurka akwai irin ƙungiyoyin da mazauna birni ke kafawa don su ci abinci mai tsabta su kuma rage ɓarnar muhalli. Mutum ya biya kuɗin shiga, ya sami rangwame a kanti, a ƙarshen shekara a mayar masa da wani abu gwargwadon sayayyar da ya yi, kantin kuma ya riƙa sayen kayansa daga manoman kusa. Tushen wannan tsari yana garin Rochdale na Ingila, inda mutum 28, da yawansu masaƙa, suka buɗe ɗan shagonsu a 1844. A can 'yan ƙungiya su ne masu saye. A arewacin Benin abin ya juya: 'yan ƙungiya su ne masu kawo kaya, mai sayen kuwa yana wata duniya. Matar da ta tsinci kaɗe a dajin Donga ba ta san bakin da zai sha cakulan ɗin da aka sa mansa a ciki ba. Daga wannan nisa ne yawancin alherin ƙungiyoyin nan ke zuwa, daga nan kuma yawancin wahalarsu.

Kalmar ƙungiya ba ta da daɗin ji ga dattawan yankin, kuma suna da dalili. Bayan Mathieu Kérékou ya karɓi mulki a 1972, ya kuma rungumi aƙidar gurguzu a 1974, hukuma ce ke tara manoma cikin ƙungiyoyin juyin juya hali, ta hannun ma'aikatan gona na CARDER. Daga baya ƙungiyoyin ƙauye na masu noman auduga suka zo da lamunin tarayya: ana ba ƙauye taki da maganin feshi bashi, idan wani ya kasa biya a cire daga kuɗin maƙwabcinsa. Manomin kirki ya sha biyan bashin malalaci, kuma gidaje da yawa sun ɓata a kan haka. Dokar da ake aiki da ita yanzu ita ce ta OHADA, wadda ƙasashen da ke cikin wannan yarjejeniya, har da Benin da Nijar, suka amince da ita a Lome ranar 15 ga Disamban 2010. Ta tanadi ƙaramar ƙungiya da mutum biyar za su iya kafawa, da babba mai majalisar gudanarwa da ke buƙatar aƙalla mutum goma sha biyar. Shiga da fita ganin dama ne. Kowane mamba ƙuri'a ɗaya gare shi komai yawan jarinsa. Idan an sami rara, a ware na asusun ajiya da na horo, sauran a raba gwargwadon kayan da kowa ya kawo. A takarda ke nan.

A ƙasa kuwa, sai mu fara da kaɗanya, domin ita ce dukiyar mata. Itaciyar kan yi shekara goma sha biyar zuwa ashirin kafin ta fara 'ya'ya, amma tana iya wuce shekara ɗari biyu tana bayarwa. 'Ya'yan na zubowa ne daga wajen watan Mayu zuwa Agusta, daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma aikin gona ya yi yawa. Mata na fita tun da asuba, cikin raɓa da ciyawa mai macizai, su tsinto su ɗauko a ka. Sai a cire naman, a dafa ƙwallon, a shanya, a fasa, a sake shanya ƙwayar. Mai son mai sai ta daka, ta soya, ta niƙa, ta yi ta bugun ƙullun da ruwa har kumfar mai ta taso, ta kwashe ta dafa ta tace. Kilo uku na ƙwaya, wani lokaci fiye, ke ba da kilo ɗaya na man kaɗe ta wannan hanya, kuma kowane mataki na cin itace da ruwa da ƙarfin kafaɗa.

A nan ne amfanin farko na ƙungiya ke fitowa, kuma bai da ƙyalli. Ƙwallon da aka tara aka bari kwanaki kafin a dafa yakan fara tsiro, mansa ya yi tsami. Wanda aka shanya a ƙasa yakan kwashi yashi da danshi, wanda aka busar da hayaƙi kuma masu saye na waje ba sa so. Ƙungiya na koya wa 'ya'yanta su dafa da wuri, su shanya a kan tamfol ko daɓe, su zuba a buhun algarara maimakon na leda. Tana iya sayen abin da mace ɗaya ba za ta iya ba: injin niƙa, gangar suya, murhu mai tsimin itace, takalman roba da safar hannu saboda maciji. Wasu na busar da dusar da ta rage bayan tatsar mai su yi makamashi da ita, itacen da za a sara ya ragu. Wanda ya ce wannan ƙaramin abu ne bai taɓa ganin ana daka kaɗe a turmi yini guda ba.

Amfani na biyu shi ne sikeli. A kasuwar ƙauye da kwano ake awo, kuma kwanon mai saye ba ya rasa tozo, wani lokaci har da hannu a tare gefensa. Mai saye ya auna da kwano, ya je birni ya sayar da kilo, ribarsa ta farko tana cikin wannan tazara. Ranar da ƙungiya ta rataye sikelinta a gaban kowa, magatakarda ya rubuta sunan kowace mace da nauyin kayanta a littafi, an toshe wata kafa da ta daɗe tana yoyo. Abin takaici, a ƙungiyoyin mata da yawa magatakardan namiji ne, domin shi ya yi makaranta, kuma littafin da Faransanci ake cika shi. Macen da ba ta iya karanta abin da aka rubuta a gaban sunanta ba, ta sauya wanda za ta yarda da shi ne kawai. Shi ya sa nake ganin ajin yaƙi da jahilci da wasu ƙungiyoyi ke buɗewa ya fi injin niƙa daraja, ko da yake ba shi ake nuna wa baƙi ba.

Na uku, wanda ya fi duka, shi ne ikon jira. Farashin kaɗe na ƙasa a lokacin tsinta, ya tashi bayan watanni idan kaya sun yi ƙaranci kuma manyan masu saye sun shigo. Kowa ya san haka. Matsalar ita ce a watan Yuli ake neman kuɗin hatsi da na maganin zazzaɓin yaro, a Satumba kuma na makaranta. Dillali ya san wannan kalanda fiye da kowane ma'aikacin raya karkara. Yakan zo tun kafin kaya su nuna ya ba da kuɗi, irin abin da ake kira ba-da-kaka a ƙasar Hausa, a biya shi da kaya a farashin da ya yanka. Ana zaginsa, amma shi ne ke zuwa da tsabar kuɗi ranar da ake bukata, ba ya neman takarda, kuma yana zuwa suna da jana'iza. Ƙungiyar da ta karɓi kaya ta ce a dawo bayan wata biyu, ba za ta iya kokawa da shi ba. 'Ya'yanta za su zo taro, su karɓi tamfol, su tafa wa baƙi, da dare kuma su kai rabin kayansu gidan dillali. Jami'an ayyuka na kiran wannan rashin amana. Ni ban ga laifin matan ba. Da sabon gini gara yaɓe.

Maganin da aka fi gwadawa ya zo ne daga Nijar, inda aka bunƙasa shi tun ƙarshen shekarun 1990 da taimakon hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Manoma su zuba kaya a sito, a rufe da kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya a hannun ƙungiya ɗaya a hannun asusun bashi. Asusun ya ba su rance gwargwadon wani kaso na darajar kayan, idan farashi ya tashi a buɗe a sayar, a biya rance da ruwansa, ragowar ta mai kaya ce. A Benin akwai asusun manoma na CLCAM a garuruwa da yawa, ƙarƙashin tarayyar FECECAM, kuma irinsu ne ke iya riƙe mabuɗi na biyu. Tsarin na aiki idan siton ba ya yoyo, idan farashi ya tashi kamar yadda aka zata, idan kuma ruwan bashin bai cinye ribar ba. Shekarar da farashi ya ƙi motsi, mamba na fita da hasara, kuma ba ta mantawa.

Yazawa ta maza ce galibi, kuma kuɗinta sun fi kauri. Kakarta na kamawa daga wajen Fabrairu zuwa Mayu, gwamnati kuma na buɗe kasuwar kowace shekara a hukumance. Manoman na da ƙungiyoyi daga ƙauye zuwa gunduma zuwa yanki, har zuwa tarayyarsu ta ƙasa, FENAPAB. Abin da suka fi dogara da shi shi ne sayarwa a dunƙule: ƙauye ya tara tan da yawa wuri guda, a kira masu saye su yi tayi. Mai saye na rage wahalar yawo gida-gida, don haka yana iya ƙara wani abu a kan kilo. Akwai kuma gwajin da 'yan kasuwa ke kira KOR: a ɗebi samfuri, a tsaga kowane ƙwallo, a auna lafiyayyar ƙwaya, a lissafa fam nawa buhu mai kilo 80 zai bayar. Yazawar Benin ta yi suna a wannan gwaji. Da can mai saye kaɗai ya iya shi, shi ke faɗin sakamako kuma shi ke yanka farashi. Ƙungiyar da ta koya wa 'ya'yanta biyu ko uku riƙe almakashin gwajin ta sauya yadda ake magana a ranar ciniki.

Shekara da shekaru mafi yawan ɗanyar yazawar ta riƙa bi ta tashar Kwatano zuwa Indiya da Biyetnam, a can a fasa ta. Masana'antu kaɗan ne a gida, irin su Afokantan a Tchaourou da Tolaro Global a gefen Paraku, wadda ke sayen kaya daga ƙungiyoyin manoman kewaye. Gwamnatin Patrice Talon ta tsai da ranar 1 ga Afrilun 2024 a matsayin ranar hana fitar da ɗanyar yazawa da waken soya, domin a ciyar da masana'antun gida, musamman na rukunin Glo-Djigbé da ke kudu kusa da Kwatano. Hujjar a fili take: aikin fasawa da ribarsa su zauna a ƙasa. Sai dai idan masu saye suka ragu, bakin mai sayarwa na raguwa, kuma iyakar Najeriya da ta Togo ba su da nisa ga mai babur. A irin wannan kasuwa ƙungiya ce kaɗai ke iya zama a teburi ɗaya da masana'anta ta yi jayayya a kan farashi. Najeriya ma ta bi irin wannan hanya a Agustan 2025, da ta dakatar da fitar da ɗanyen kaɗe na wata shida.

To ina maganar kare muhalli a cikin duk wannan? Mutanen Borgu ba a littafi suka koyi illar guba ba. Benin na cikin manyan masu noman auduga a Afirka, kuma auduga na shan feshi. A kakar 1999 zuwa 2000 an ƙirga mutum 37 da suka mutu a Borgu ta dalilin maganin ƙwari mai suna endosulfan: wasu wajen feshi, wasu ta cin masara ko ganyen da aka shuka kusa da auduga, wasu ta amfani da galan ɗin maganin wajen zuba abinci. Sai a 2008 ƙasar ta hana shigo da shi. Tun 1996 ƙungiyar OBEPAB, wadda Farfesa Simplice Davo Vodouhê ya jagoranci kafawa, take koyar da noman auduga ba da takin zamani ko maganin kanti ba, sai takin dabbobi da juya shuka da ruwan 'ya'yan dogon yaro. Amfanin gonar kan gaza na mai feshi, amma manomin ba ya ɗaukar bashin taki, ana ƙara masa wani abu a kan farashi, kuma mata na iya riƙe gonar kansu tunda ba guba a ciki.

Wannan ƙarin farashi shi ake tallatawa a matsayin babbar riba, amma yana da tsada. Kafin a kira kaya masu tsabta a kasuwar Turai sai kamfanin tantancewa irin su Ecocert ya turo mai bincike kowace shekara, ƙungiya ta ajiye taswirar gonaki da rajistar kowane mamba, ta naɗa masu sa ido na cikin gida. Gonar yazawa na jiran shekara uku kafin a karɓe ta. Kaɗen da aka tsinta a gefen gonar auduga na iya ɗauke da ɓurɓushin feshi, buhu kaɗan su ɓata kwantena guda. Sau da yawa kuma kamfanin da ke saye shi ke biyan kuɗin takardar, don haka da sunansa take. Ranar da aka saɓa da shi, ƙungiya ta koma mai kaɗe kamar kowa. Mafi yawan kaɗen da ke fita ma ba na shafawa ba ne. Masana'antun abinci ke saye, musamman tun da Tarayyar Turai ta yarda a 2000 a sa har kashi 5 cikin ɗari na wasu mayukan itatuwa, ciki har da man kaɗe, a cikin cakulan. Su waɗannan yawa da araha suke nema.

Akwai kuma wata rigima da ba a cika faɗa a taro ba, domin tana cikin gida. Mace ke tsintar kaɗe, amma ƙasa da itacen da ke kanta na mijinta ne ko na danginsa. Idan ya ga yazawa ta fi kawo kuɗi, zai dasa ta a jere, kuma lambun yazawa idan ya rufe ba ya barin wuri ga kaɗanya. Idan ya matsu, mai gawayi na nan, ga shi gawayin kaɗanya na da kyau, Paraku kuma na ci kullum. Saboda haka ƙungiyar maza ta yazawa da ƙungiyar mata ta kaɗe, duka biyun ana yaba musu da kare muhalli, suna iya zama suna jan igiya ɗaya ta fuska biyu a gona guda. Dokar gandun daji ta hana saran kaɗanya barkatai, amma ma'aikacin daji ba ya kwana a gona. Abin da ke tsayar da gatari shi ne maigida ya ga kuɗin kaɗe sun biya makarantar yara bana, kuma yana sa ran za su biya baɗi.

Wanda ke son ganin noman da ba ya zubar da komai, akwai reshen Cibiyar Songhai kusa da Paraku. Fada Godfrey Nzamujo, haifaffen Kano, shi ya kafa cibiyar a Porto-Novo a 1985 a kan fili kadada ɗaya. Kashin kaji da na dabbobi na zama iskar girki da taki, ruwan kifi na ban-ruwan lambu, ragowar lambu na komawa abincin dabba. Makaranta ce da gona, ba ƙungiyar gama-kai ba, amma matasan da ta horar na cikin masu iya kawo ƙwai da kifi da kayan lambu ga duk wani kanti da zai nemi kaya masu tsabta a birnin.

Irin wannan kanti shi ne rabin da ya yi ƙaranci a arewa. A Kwatano, tun 2008, AMAP-Bénin ke haɗa iyalan birni da masu lambu: iyali su yi rajista su biya tun gaba, kowane mako su karɓi kwandon kayan lambun da ba a fesa wa guba ba. Maimakon mai bincike daga Turai, manoma da masu saye da kansu ke zagaya gonaki su shaida. Kuɗin da aka biya tun gaba na yin aikin da kuɗin dillali ke yi, ba tare da yankan farashi ba. Paraku na da duk abin da tsarin ke bukata. Akwai jami'a tun 2001 da tsangayar aikin gona, akwai ma'aikata masu albashi, asibitoci, makarantun kwana, gidajen abinci, da matafiya da ke bi ta garin zuwa Malanville. Kayan kuma suna nan a kasuwar Arzeke da ta Jugu: man kaɗe na girki, daddawar kalwa, zuma, sabulun gargajiya, awarar waken soya, da wagashi, cukun da matan Fulani ke ɗaurewa da ruwan tumfafiya su rina da karan dafi. 'Ya'yan yazawa masu ruwa, da mafi yawansu ke ruɓewa a gindin itace bayan an cire ƙwallo, wasu ƙungiyoyin mata sun fara matse su suna zubawa a kwalba.

Mai sayen gida ba ya biyan farashin Turai, kuma yana taya kaya har sai ran mai su ya ɓaci. Amma yana saye kowane mako, rani da damina, yana biya nan take, dokar hana fitar da kaya ba ta shafe shi ba, rufe iyakar Nijar da aka yi a 2023 ma ba ta raba shi da mai kawo masa kaya ba. Makarantar kwana ɗaya da za ta ƙulla da ƙungiyar mata cewa duk wata za ta karɓi man girki da daddawa ta biya a ranar awo, ta ba matan abin da za su nuna wa asusun CLCAM idan sun je neman rancen watan Yuli.